A kawo na'urar sauraren zuciya Gaya da Ajingi, amma a fara da masu jego

Tun da likita Laennec ya ƙirƙiro abin sauraren ƙirji a Faransa a 1816, kunnen likita ne ke yanke hukunci. Yanzu ana naɗar sautin zuciya, kwamfuta ta tantance shi. Idan jijiyar da ke ciyar da zuciya ta ƙuntata, jini yakan ratsa ta da hargitsi, kamar ruwa a tiyon ban-ruwa da aka taka, sai ya fitar da ƙara siririya wadda kunne ba ya kamawa, musamman lokacin da zuciya ta saki. Kamfanin Acarix ya ƙera na'urar CADScor a kan haka, hukumar magunguna ta Amurka kuma ta amince da ita a 2020.

Ina goyon bayan kawo wannan fasaha Babban Asibitin Gaya da ƙananan asibitocin Ajingi, amma ba toshewar jijiyar zuciya ya kamata a sa a gaba ba. Ƙarfin CADScor shi ne ta ce mutum da wuya yana da cutar. Idan ta nuna shakku, sai an yi babban gwaji a birni. Kuma yawanci a kan Turawa aka gwada ta. Ciwon zuciyar da ke yawan cin matanmu shi ne raunin zuciya bayan haihuwa, wanda likitocin Zariya suka rubuta a kansa tun shekarun 1970. Mai jego ce za ka gani ƙafa ta kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai an jingina ta da matashi, ana cewa gajiyar haihuwa ce.

A nan hujja ta fi kusa da gida. Binciken da mujallar Nature Medicine ta buga a 2024, wanda aka yi a kan mata kusan 1,200 a asibitoci shida na Najeriya, har da na Malam Aminu Kano da na Rasheed Shekoni a Dutse, ya nuna wata na'ura daban da ke ɗaukar sauti da bugun lantarkin zuciya ta ninka yawan masu raunin zuciyar da ake ganowa. Gaya kuwa tana tsakanin Kano da Dutse.

Za a ce na'ura na kuskure, ta tura mai lafiya Kano ta ɓarar da kuɗin mota. Gaskiya ne, kuma asara ce ga magidanci a Ajingi. Sai dai ba ta kai asarar matar da aka kai asibiti ruwa ya cika mata huhu ba. Za a kuma ce ina amfanin gano cuta babu magani? Wannan ƙorafi ya fi nauyi, shi ya sa kada ma'aikatar lafiya ta jihar Kano ta sayo ko ɗaya sai ta tanadi mai ɗaukar hoton zuciya da zai riƙa zuwa Gaya a ranar da kowa ya sani, da magungunan da aka saba bayarwa, da ungozomar da aka koya wa ɗora na'urar a ƙirji ranar awo da ranar rigakafin jarirai.