Taga Kan Duniya: Inda Baƙo Zai Ci Ya Ƙoshi a Birnin Gwanzu

A wannan fitowa filin namu zai leƙa ƙasar Sin, birnin da fatakenmu suke kira Gwanzu, Faransawa suna ce masa Kanton, a takardar jirgi kuma ana rubuta shi Guangzhou. Tun 1957 ake cin babbar kasuwar baje kolin nan a cikinsa, sau biyu a shekara, daga watan Afrilu da kuma daga watan Oktoba. Gidaje da yawa a Yamai, Maraɗi da Damagaram suna da uba ko ɗa da yake kai da komo can da jarin iyali a hannunsa. Ana tambayarsu labarin kaya da kuɗin kwantena, ba a cika tambayarsu abin da suke ci ba, alhali kuwa da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Mun ga matafiya iri biyu. Akwai wanda tsoron haram yake sa shi ya yi mako uku a kan garin rogo, kilishi da burodi, ya komo gida a rame. Akwai kuma wanda ba ya cin abinci sai a gidajen Larabawa da Turkawa na manyan tituna, inda ribar tafiya take zurarewa faranti bayan faranti. Dukansu biyu sun wuce ta ƙofar abin da suke nema ba su gane ba, domin abinci mai tsarki, mai daɗi, mai araha yana cikin ƙananan shagunan Musulmin ƙasar.

Tsoron na farko yana da dalili. Girkin mutanen Kanton ya dogara da naman alade da kitsensa, kuma sukan zuba giyar shinkafa a tukunya, har ganye ma ana iya soya shi da wannan kitse. A takardar abinci, idan aka rubuta 肉 kaɗai, wato “nama”, galibi alade ake nufi. Saboda haka darasin farko shi ne haruffa biyu: 清真, ana furta su “cing-jan”, kuma su ne “halal” a bakin Musulmin Sin. A da akan rubuta kalmar da Larabci a kan allo, amma daga 2018 zuwa 2019 hukumomi sun sa an cire rubutun Larabci daga shaguna a birane da dama. Wanda yake jiran ya ga Larabci zai iya kwana da yunwa a bakin shagon halal. A kwafi haruffan nan a takarda, a haɗa da 牛 na naman shanu, 羊 na rago, 鸡 na kaza.

Wurin da muka fi so, kuma mafi sauƙi ga aljihu, shi ne shagon taliyar hannu da ake kira Lanzhou lamian. Kusan kowace unguwa tana da irinsa: ɗan ɗaki mai tebur kaɗan, hotunan abinci a bango, maigida da farar hula, uwargida da lulluɓi. Ana danganta wannan girki ga wani Musulmi mai suna Ma Baozi na birnin Lanzhou, a shekarar 1915, ko da yake yawancin masu shagunan a yau mutanen lardin Qinghai ne, musamman gundumar Hualong. A gabanka yaro zai ɗauki curin kwaɓin alkama, ya ja, ya ninka, ya sake ja, har ya zama zare, ya jefa a tafasasshen ruwa. Ana zuba romon shanu garai-garai, da yankan wata farar saiwa mai kama da karas, da jan man barkono, da koren ganye mai ƙamshi. Kwano guda bai cika wuce yuan 20 ba. Yuan ɗaya kuwa kimanin sefa 80 ne, ke nan jika da rabi da ƴan kai sun ciyar da mutum. Naman da ake sawa ɗan kaɗan ne. Mai son ƙari sai ya biya faranti daban. Wanda bai saba da romo ba ya nuna hoton soyayyar taliya, ko shinkafa da ƙwai da tumatir.

Na biyu su ne gidajen abincin mutanen Xinjiang, waɗanda girkinsu ya fi kusa da harshenmu. Suna gasa tsiren rago a kan gawayi, suna barbaɗa masa barkono da ɗan yajin nan da Larabawa suke kira kammun. Suna da polo, dafa-dukan shinkafa da karas da naman rago, da gurasar nan da ake mannawa a bangon tanderu, wadda take kwana biyu ba ta lalace ba, ga ta da amfani ranar zagayen masana'antu. Idan kun kai uku ko huɗu, ku nemi dapanji, ma'anarsa “kazar babban faranti”: kaza da dankalin turawa da tattasai cikin miya mai yaji, a ƙarshe a juye faffaɗar taliya a cikin sauran miyar. In aka raba kuɗin, kowa ya biya kaɗan ya tashi a ƙoshe. Sai dai a lura, wasu daga cikin waɗannan gidaje suna sayar da giya ga masu so. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya duba na gaba, suna da yawa.

Ana samun irin waɗannan wurare a Xiaobei, unguwar da ƴan Afirka suka sani, wadda layi na 5 na jirgin ƙarƙashin ƙasa yake tsayawa a cikinta. Unguwar ba ta cika kamar da ba, domin ƴan Afirka sun ragu tun daga 2014, suka ƙara raguwa da annobar 2020, kuma gidajen abincin gida da yawa sun rufe. Wanda ya yi shekaru bai je ba kada ya dogara da tsohon kwatance.

Na uku shi ne na ranar da ciniki ya yi kyau. A sauka tashar Ximenkou a layi na 1. Nan kusa, a titin Guangta, tsohon masallacin Huaisheng yake, da hasumiyarsa mai tsawon kimanin mita 36, kuma a gefensa akwai mahautan Musulmi da masu gurasa. Ɗan taku kaɗan, a titin Zhongshan na shida, akwai Huimin Fandian, wato “gidan abincin Musulmi”, wanda yake aiki tun 1956. A nan ne baƙo zai ɗanɗani girkin Kanton na asali ba tare da fargaba ba. Al'adar garin ce a zauna shan shayin safe, ana kawo ƴan ƙananan curin alkama da aka turara cikin kwandon gora, a nan kuwa da naman shanu ake cusa su. Tsofaffin unguwa ne suka fi cika wurin, alamar farashinsa na ƴan gari ne. Ya fi shagon taliya tsada, amma bai kai gidajen manyan tituna ba.

Ga wasu ladubba da za su sauƙaƙa zama. Ba a shiga shagon halal da abincin waje, masu shi suna ɗaukar hakan rashin mutunci. A gidajen Kanton ana cajin kuɗin shayi a kan kowane mutum, kuma idan ka ga jama'a suna ɗauraye kofi da tsinken cin abinci da shayin farko, al'ada ce, kai ma ka yi. Ba a ba ma'aikaci tukuici. Ba a shan ruwan famfo sai an tafasa. Mutanen gari suna cin na rana tun kafin sha biyu, na dare wajen ƙarfe shida, don haka wanda ya makara zai tarar polo ya ƙare. Yawancin biya ta wayar hannu ake yi, da Alipay ko WeChat Pay, kuma tun 2023 baƙo yana iya haɗa katin bankinsa na waje da su. Duk da haka a riƙe ƙananan takardun yuan, domin mai shago ba ya yawan ajiye canji. Wanda tsinke ya gagare shi ya roƙi cokali, babu kunya a ciki.

Muna kira ga iyaye mata da matan aure masu haɗa guzuri: a sa yaji da kilishin kwana biyu in dokar shiga ta bari, domin kwastan na Sin sun hana shigo da nama, kuma ana ƙwace shi a filin jirgi. Abin da ya fi tabbas shi ne a yanke wannan shafi a sa wa matafiyi cikin fasfo. Idan ya shiga shago ya yi sallama ga mai farar hula, zai ji an amsa masa, ko da ba su haɗa wata kalma ba bayan wannan.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya komo da su lafiya, ya sa albarka a nemansu. Sai fitowa ta gaba, in Allah ya yarda.