Daga Mantali Zuwa Lukla: Tafiyar Minti 20 Da Kan Ci Mako Guda

A ƙasar Nefal, can cikin duwatsun Himalaya na nahiyar Asiya, akwai waɗansu ƙananan filayen jirgin sama guda biyu, ɗaya a Mantali cikin gundumar Ramecaf, ɗaya kuwa a Lukla, ƙofar da masu hawan dutsen Ebares ke bi. Tsakaninsu ta sama bai cika kilomita 80 ba, jirgi kan ratsa shi cikin kamar minti 20. Wanda ya dubi wannan lissafi a takarda sai ya ce ai tafiyar wasa ce. Amma fa ba nan gizo ke saƙar ba.

Da fari dai, isa Mantali ma aiki ne. A da, daga Katmandu babban birnin ƙasar ake tashi, tafiyar kimanin kilomita 135, rabin awa ke nan. Tun daga 2019 aka riƙa karkata jiragen zuwa Mantali a lokutan da baƙi suka fi yawa, da farko saboda gyaran filin Katmandu, daga baya saboda cunkoso. Don haka matafiyi kan bar Katmandu da tsakar dare, ya sha mota awa huɗu ko biyar, domin ya riski jirgin asuba.

Sa'an nan ga batun tudu. Filin Mantali bai kai mita 500 bisa teku ba, alhali na Lukla ya haura mita 2,800. Tsawon hanyar saukarsa mita 527 ne kacal, ga ta a gangare, bakinta ɗaya kwazazzabo mai zurfi, ɗayan kuwa bangon dutse. Direban jirgi da ya fara sauka ba shi da damar fasawa ya sake zagayowa. Shi ya sa ƙananan jirage masu ɗaukar mutum 19 ko ƙasa da haka suke zuwa, kuma da ido direba ke neman hanya. In gajimare ya rufe kwarin, tafiya ta tsaya.

Edmund Hillary, wanda shi da Tenzing Norgay suka fara kai wa ƙololuwar Ebares a 1953, shi ya jagoranci gina filin Lukla a 1964, domin sauƙaƙa kai kayan gina makarantu da asibiti ga mutanen Sharfa. Kafin nan, da ƙafa ake zuwa, kwana da kwanaki. A 2008 aka raɗa wa filin sunan mutanen biyu.

Haɗarin wurin ba ƙage ba ne. A watan Oktoba na 2008 wani jirgi ya faɗi yana ƙoƙarin sauka cikin hazo, mutum 18 suka halaka. A watan Nuwamba na 2011 kuwa hazo ya hana tashi kusan mako guda, baƙi fiye da dubu suka maƙale a Lukla, masauki ya yi wuya.

Ashe dai kilomita da minti ba su isa auna wannan tafiya ba. Mai hikima kan ware kwanaki biyu ko uku na jira, kuma ba ya ganin laifin direban da ya ƙi tashi. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.