FILIN MATA: Bindiga A Ƙarƙashin Gado

 Yau za mu ajiye girki da ɗinki, mu taɓa wata magana wadda maza ke yi a zaure amma a ɗakinmu take kwana, watau maganar bindiga da harsashi da ake tarawa a gidaje saboda tsoron abin da gobe za ta haifa.

Ke da ke zaune Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum, ba sai an gaya miki inda tsoron ya fito ba. Cikin makon farko na watan Janairu na shekarar 2022 'yan bindiga suka auka wa ƙauyukan ƙasar Anka da ta Bukkuyum. Gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen wurin kuwa suka ce sun kai wajen 200. Manomi ya fita gona, iyalinsa ba su san ko zai komo ba. In kuma zaɓe ya gabato sai jita-jita ta yi yawa, wannan ya ce za a yi rikici, wancan ya ce kowa ya shirya. Saboda haka in maigidanki ya fara zancen bindiga, kada ki yi masa dariya, kada ki ce ya haukace. Tausayinku ne ya kai shi ga wannan tunani.

Har hukuma ma ta taɓa kai wa nan. Cikin watan Yuni na 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta yi shela cewa mutanen Zamfara su nemi bindiga su kare kansu, ta ce za ta raba takardun neman izini 500 ga kowace ɗaya daga masarautu 19 na jihar. Ba a daɗe ba babban hafsan tsaron ƙasa na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya ce gwamna ba shi da ikon yin haka. Dalili kuwa shi ne dokar bindiga ta 1959, wadda ta kasa bindigogi kashi uku. Ta yaƙi, irin su AK-47, sai da izinin Shugaban Ƙasa. Ta farauta mai cin harsashin kanti, sai da lasin daga Sufeto Janar na 'yan sanda. Bindigar toka kuwa, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki, lasin ɗinta a hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha yake. Wanda aka kama da ta yaƙi ba izini, hukuncinsa ba ya gaza shekara 10 a kurkuku. Ki riƙe wannan da kyau, gama mata da yawa sun ji shelar, ba su ji amsar ba.

To, in bindiga ta shigo gida, ina ake ajiye ta? Ba a zaure ba, inda kowa ke shiga. Ɗakinki za a kawo ta, a tura ƙarƙashin gado, ko bayan jeren kwanoni, a cusa harsashi cikin buhun gero, domin an san baƙo yana jin nauyin kutsawa ɗakin matar aure. Da safe maigida ya tafi kasuwa. Wa aka bari da ita? Ke, da goyonki, da yaran da ba abin da ke ɓoyuwa gare su.

Mu mutanen wannan yanki mun riga mun ga yadda abin da aka shigo da shi gida da kyakkyawar niyya ke zama ajali. Ku tuna da 2010. Maza suka riƙa kawo duwatsun zinariya gida daga wurin haƙa, mata na daka su a turmi, ana niƙa su a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ba wanda ya san akwai gubar dalma a ciki. A Dareta da Abare da Bagega na ƙasar Anka, da Yargalma ta ƙasar Bukkuyum, da waɗansu ƙauyuka, yara wajen 400 suka rasu, yawancinsu ba su kai shekara 5 ba. Sai da likitocin MSF suka zo, aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa. Duk uban da ya kawo dutsen nan arziki ya nufa wa 'ya'yansa. Haka kuma mai kawo bindiga, tsaro ya nufa. Amma niyya daban, abin da ke aukuwa a tsakar gida daban.

Ga haɗarin da nake so ki duba. Na farko, yara. Yaro ɗan shekara 7 yana da ƙarfin jan kunamar bindiga, ba shi da hankalin sanin abin da zai biyo baya. Na biyu, wuta. Albarushi ba ya shiri da murhu, ko fitila, ko garwashin turaren wuta da muke kai wa ɗaki kowace maraice. Na uku, fushi. Faɗan da zai ƙare da zagi ko mari, tsakanin 'yan uba a kan gado ko maƙwabta a kan iyakar gona, in da bindiga kusa sai ya ƙare da gawa.

Na huɗu shi ne wanda ba a cika tunawa da shi ba. Bindiga dukiya ce wadda ɓarawo ke nema ruwa a jallo. Cikin 2020 gwamnatin Zamfara ta yi alkawarin ba da shanu 2 ga duk ɗan bindigar da ya miƙa AK-47 guda, kin ga darajarta ke nan. In labari ya fita cewa gidan wane an tara makamai, kuma labari ba ya rasa mai kai shi daji, to gidan nan za a fara nufa. An gudu daga gara, an faɗa gidan zago.

Bugu da ƙari, bindiga ba ta ruɓewa kamar hatsi, ba ta tsufa da wuri. Da gwamnatin Gaddafi ta faɗi a Libiya cikin 2011 aka fasa rumbunan makamai, waɗansunsu suka yi ta bin hamada daga hannu zuwa hannu har suka watsu cikin ƙasashen da ke kudu da ita. Wadda aka saya bana don tsoron zaɓe tana nan bayan an gama zaɓe, an rantsar da wanda ya ci, an manta. Ɗan da kike goyo yau shi zai taso ya same ta.

Kada ki ce ina nufin mutane su naɗe hannu a zo a yanka su. Akwai ƙauyukan da mazansu suka tsaya suka kori mahara, Allah ya saka musu. Abin da nake cewa shi ne tsaron gari aikin fili ne, wanda mai unguwa da dagaci da hakimi suka san da shi, hukuma ta rubuta sunayen masu yinsa. Cikin Janairu na 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara, mutum fiye da 2,000, aka hore su aka ba su kayan aiki. Wanda ke da zuciyar tsaro ya bi irin wannan ƙofa. Mun ga kuma abin da ɗaukar doka a hannu ya jawo: a kashe wanda ake zargi a kasuwa ba shari'a, danginsa su zo ramuwa a kan ƙauye duka, matan da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, su ne ke zama zawarawa a ɓangarorin biyu.

Me za ki yi ke nan? Ga shawarata:

1. Ki sami maigida lokacin da ya ci ya huta, ba gaban yara ko kishiya ba, ki ce, "Malam, abin nan da ke ɗakina, akwai takardarsa? In aka zo bincike ba ka nan, me zan ce?" Magana mai laushi ta fi gardama shiga kunne. In ya ƙi ji, ki kai wa wansa ko mahaifinsa.

2. In bindigar farauta ce mai lasin, kada ta kwana a ɗure. A kulle ta inda hannun yaro ba ya kai, albarushi a wani wuri dabam, nesa da wuta. Kada a narka dalma a tsakar gida, kada yaro ya yi wasa da ƙwayoyinta. Ita ce dai gubar nan ta 2010.

3. Kada ki karɓi ajiyar ƙunshin da ba ki ga cikinsa ba, ko daga ɗan'uwanki ne. Cikin 2021 'yan sandan Zamfara suka kama wata mata ɗauke da harsashi 991 za ta kai daji. Masu wannan fatauci mata suke nema domin ba a cika lalube su a hanya ba, ranar kamu kuwa ba ka ganin ko ɗayansu.

4. Ku 'yan makaranta, in wani ya ce ki kai masa saƙo cikin jakar littattafanki ko ƙarƙashin kayan talla ya ba ki kuɗi, ki ƙi, ki gaya wa innarki ko malamarki ran nan. In kin ga bindiga a ɗaki kada ki taɓa, kada ki nuna wa ƙannenki, kada kuma ki ba da labari a rijiya.

5. In tanadi kike so, ga wanda zai amfane ki ranar gudu: ƙunshi guda mai katin shaidarku da takardun asibiti da na makarantar yara, da ɗan gari, da ƙuli-ƙuli, da tocila, da 'yan kuɗi. Ki koya wa kowane yaro sunan ubansa da na garinsu, ku kuma shirya gidan da za ku haɗu in an watse.

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Wadda ta karanta wannan ta karanta wa maƙwabciyarta da ba ta yi boko ba, gama in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya mai da waɗanda suka yi gudun hijira gidajensu. Sai mako mai zuwa.