Ƙirƙirarriyar Basira: Yanzu Gani Bai Kori Ji Ba



A taronmu na ƙarshen watan jiya, bayan an kammala lissafin kuɗin asusu, wani ɗalibi daga cikin 'ya'yanmu ya nemi izinin nuna mana wani abu. Ya ɗauki muryar shugabanmu a waya na ɗan lokaci, ya ɗan yi danne-danne, sai ga wayar tana magana da muryar shugaba sak, tana cewa a raba kuɗin asusu kowa ya kama gabansa. Aka fashe da dariya, har shi shugaban. Da dariyar ta lafa sai wurin ya yi tsit, don kowa ya fahimci abin da zai faru da a ce wannan saƙon ya shiga zaurenmu na WhatsApp da tsakar dare.

Wani dattijo ya tambaye ni ko aikin aljanu ne. Aikin mutane ne, Baba, kuma an fi shekara 70 ana yinsa. Sunansa ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI.

A 1950 wani masanin lissafi ɗan Ingila, Alan Turing, ya kawo wani gwaji: a sa mutum ya yi hira a rubuce da wasu biyu da ba ya gani, ɗaya mutum, ɗaya na'ura. In ya kasa bambance su, to na'urar ta ci jarrabawa. Ku lura da kyau, tun daga tushe ma'aunin shi ne iya kwaikwayon mutum. A 1956 John McCarthy da abokansa suka yi taro a kwalejin Dartmouth ta Amurka, inda fannin ya samu sunan da ake kiransa da shi har yau. Bayan shekara goma, a 1966, Joseph Weizenbaum ya haɗa wata manhaja mai suna ELIZA wadda ba ta fahimtar komai, sai dai ta juya maganarka ta mayar maka da ita a matsayin tambaya. Duk da haka mutane suka riƙa faɗa mata damuwarsu, har sakatariyarsa ta nemi ya fita daga ɗakin don ta yi hira da ita a keɓe. A matsayina na sakatare, wannan labarin ya taɓa ni.

Daga nan harkar ta yi ta tashi tana faɗuwa, har aka yi shekarun da masu ba da kuɗin bincike suka janye. A 1997 kwamfutar IBM mai suna Deep Blue ta doke zakaran duniya a wasan darar Turawa, Garry Kasparov. A 2012 Geoffrey Hinton da ɗalibansa a Jami'ar Toronto suka nuna cewa in aka loda wa na'ura hotuna sama da miliyan ɗaya, za ta koyi gane abubuwa da kanta. Sai ranar 30 ga Nuwamba 2022 kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT, abin ya fito daga ɗakin bincike ya shiga aljihun kowa. Yau har cikin WhatsApp akwai irinta.

Yadda take aiki ba sihiri ba ne. An ciyar da ita rubuce-rubuce da muryoyi da hotunan mutane masu ɗimbin yawa, ta koyi hasashen wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wata, wane sauti ne ke bin wani. Shi ya sa ta iya tsara magana, amma ba ta da hanyar sanin gaskiya irin tamu. Takan ƙirƙiro abin da bai faru ba, ta faɗe shi ba tare da wata inda-inda ba.

Ba ina cewa a guje ta ba ne. Ni kaina da ita nake fara tsara wasiƙun Turanci da muke kai wa ƙaramar hukuma, sannan in bi layi-layi in gyara. Ɗan kasuwa zai iya lissafin kaya da ita, ɗalibi zai iya neman ƙarin bayanin darasi. Amma a ganina, mu da muke zaune a Kudu, abin da za ta fara taɓa mana shi ne amana da zaman lafiya.

Kasuwancinmu a kan murya yake tafiya. Dillali a Mile 12 yana tura miliyoyi Arewa saboda ya ji muryar yayansa yana cewa an loda tumatir ko shanu. A farkon 2024, ma'aikacin wani babban kamfani a Hong Kong ya tura kusan dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da wasu da ya ɗauka shugabanninsa ne, alhali duk fuskokin da muryoyin na bogi ne. In an damfari mai aiki a irin wannan ofishin, ina ga wanda ke amsa waya cikin hayaniyar kasuwa?

Na biyun ya fi ba ni tsoro. A Maris 2022 an yaɗa bidiyon ƙarya na shugaban Ukraine, Zelensky, yana umartar sojojinsa su ajiye makamai. Duk wanda ya tuna rikicin Mile 12 na Maris 2016 ko na kasuwar Shasha a Ibadan a Fabrairun 2021 ya san yadda ƙaramar hatsaniya ke zama gobara. To ku ƙaddara an haɗa muryar Sarkin Hausawa ko ta wani basaraken masu masaukinmu yana faɗin abin da bai faɗa ba. Kafin a ƙaryata, an ƙona rumfuna, kuma mu baƙi ne ke fara kwasar asara.

Me ke tafe? Na'urar za ta ƙara arha, ta ƙara ƙwarewa, Hausarta ma za ta gyaru. Hinton da kansa ya bar Google a 2023 don ya samu sakewar yin gargaɗi a kanta. Ba mu da ikon tsayar da ita, amma muna da ikon canja ɗabi'armu.

Don haka ina ba da shawara uku. Kada a tura kuɗi a kan saƙon murya kaɗai. A kira mutumin a lambar da aka sani, a yi masa tambayar da ɗan gida ne kawai zai iya amsawa. Duk bidiyo ko muryar da ke tunzura zuciya, kada a tura ta gaba sai an tuntuɓi shugabanni sun bincika. Sannan mu ware rabin awa a kowane taro, matasanmu su koya wa iyaye yadda abin yake, kamar yadda ɗalibin nan ya yi mana. Zan gabatar da wannan a taro mai zuwa, kuma ina roƙon kowa ya zo da nasa ra'ayin.

Allah Ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.

Sakataren Ƙungiya