Tsohuwar jif mai dizal ko sabuwa mai fetur: wacce ya kamata ka saya?

 Yau za mu ɗan fita daga maganar waya, amma ba nisa za mu yi ba, domin motar zamani kwamfuta ce mai taya huɗu. Tambayar ita ce: kuɗinka ya kai na babbar jif, ga tsohuwa mai dizal, ga kuma wadda ta fi ta sabunta mai fetur. Wacce za ka ɗauka?

Ra'ayina a taƙaice: in dai yawanci a cikin gari kake yawo, ɗauki mai fetur. Bari in kawo dalili da misalin motoci biyu 'yan gida ɗaya, Mercedes ML 350 BlueTEC ta 2012 mai dizal da GLE 350 ta 2017 mai fetur. Ita GLE ai ML ce aka sauya wa suna a 2015.

Mu fara ba dizal haƙƙinta. Tana da ƙarfin ja sosai. Injin ML ɗin yana ba da ƙarfin juyi kusan Nm 620, na GLE mai fetur kuwa 370. Ka cika ta da mutane da kaya ka hau tudu, ko a jikinta. Kuma ba ta shan mai kamar mai fetur, musamman a doguwar tafiya. Ga kuɗin sayenta ya fi sauƙi tunda ta kwana biyu.

To ina matsalar? Araha ba ta ado. Dizal ɗin zamani ba irin ta tsohuwar tifa ba ce da ke shan duk abin da aka zuba mata. Akwai abubuwa uku da dillali ba zai gaya maka ba.

Na farko, matatar hayaƙi da ake kira DPF. Tana cikin salansa, aikinta tare baƙin toka. Idan ta cika, motar da kanta take ƙone tokar da zafin da ya kai wajen digiri 600, amma sai ta samu gudu a miƙe na kamar minti 20 zuwa 30. Wanda kullum daga gida sai kasuwa, sai ɗauko yara a makaranta cikin cunkoso, bai ba ta wannan damar ba. Sai matatar ta toshe, fitila ta kama, mota ta rage ƙarfi.

Na biyu, ruwan AdBlue. Yana da tankinsa daban, kuma idan ya ƙare motar za ta fara ƙirga maka sau nawa ya rage ka tayar da ita. Ƙirgar na ƙarewa, ta ƙi tashi. Ba kowane gidan mai ke sayar da shi ba.

Na uku, ingancin man kansa. Famfo da nozul na wannan injin suna aiki da matsi fiye da bar 1,500, kuma dizal ɗin ne ke zame musu man shafawa. Ka sha wanda aka gauraya da kalanzir ko mai ruwa a ciki wajen 'yan bumburutu, sai famfo ya fara cin kansa, ɓurɓushin ƙarfe ya bi ya lalata nozul shida. Wannan gyaran kaɗai zai iya cinye rarar da ka samu wajen saye.

Wani zai ce ai tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 lissafi ya sauya. Gaskiya ne tazarar ta ragu, amma har yanzu yawanci litar dizal ta fi ta fetur tsada a Najeriya. Abin da ka rage a yawan lita, sai ka mayar a farashi. Wani kuma zai ce fetur ma ana samun gurɓatacce, kamar wanda ya shigo a Fabrairun 2022 ya lalata motocin jama'a. Haka ne, sai dai ka duba wa zai gyara maka. Yawancin manyan jif da ke shigowa daga Amurka masu fetur ne, don haka su makanikai suka saba da su, kayansu ne kuma suka cika Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna da Apo a Abuja. Kamar waya ce: komai kyanta, in babu sikirin ɗinta a kasuwa, ranar da ta faɗi ta zama kayan ado.

Mai dizal ta dace da mutum ɗaya: wanda ke kan babbar hanya duk mako, Kano zuwa Abuja ko Maiduguri, yana da gidan mai da ya amince da shi da bakaniken da ya san dizal da gaske. In ba kai ba ne wannan, ka haƙura.

Kowacce ka zaɓa, kada ka yi cinikin biri a sama, wayarka za ta taimake ka. Ka nemi 'yar na'urar nan ELM327 mai Bluetooth, ka sauke manhajar Car Scanner ko Torque. Ramin da ake soka ta yana ƙasan sitiyari. Ka kunna mota, ka haɗa da waya, ka karanta lambobin matsala. A mai dizal, P2002 matatar hayaƙi ce, P0401 bawul ɗin EGR, P0299 kuma turbo ba ya hurawa yadda ya kamata. Idan babu lamba ko ɗaya amma manhajar ta nuna gwaje-gwajen injin ba su kammala ba, akwai yiwuwar an goge lambobin ne kafin ka zo. Ka tuƙa ta na rabin awa ka sake dubawa.

Sannan ka ɗauki lambar VIN, mai haruffa da lambobi 17, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. In motar daga Amurka take, Carfax zai iya nuna maka ko ta taɓa yin babban hatsari, ko ambaliya ta ci ta, ko an juya mata kilomita baya. Ita 'yar na'urar injin kawai take gani sosai, don haka giya da balan-balan ɗin ƙafa sai an sa babbar kwamfuta a gareji. Dillalin da ya hana ka wannan binciken ya riga ya ba ka amsa.

Allah Ya sa mu sayi alheri, Ya tsare mu a hanya.