Kada mu guje wa awon jini



Manomin albasa a fadamar Tarka ba ya tone kowane kai kafin ya san halin gonarsa. Ganye yake dubawa. In ganye ya yi ruwan ɗorawa kafin lokaci, ya san akwai abin da ke cin shukar. To, haka likita yake duba jinin mutum. Yau zancenmu a kan ciwon daji ne, wanda wasu ke kira kansa, da abin da jini ke faɗa a kansa.

Mun san kumburi. In ƙaya ta soke ƙafa, wurin yakan yi zafi, ya kumbura. Jiki ne ke yaƙi da abin da ya shige shi. Amma akwai kumburin da ba a gani, yana can ciki kamar wuta a ƙarƙashin toka. Tun a shekarar 1863 wani likitan Jamus mai suna Virchow ya ga fararen ƙwayoyin jini a cikin ƙarin ciwon daji. Ya ce lalle akwai dangantaka tsakanin kumburi da wannan ciwo. Binciken da aka yi bayansa ya tabbatar da haka.

Ga abubuwa uku da likita ke dubawa a cikin jini.

Na ɗaya, wani sinadari da ake kira CRP. Hanta ce ke yin sa, yana ƙaruwa in akwai kumburi a jiki.

Na biyu, albumin. Shi ma hanta ke yin sa. Yana raguwa in ciwo ya daɗe, ko in mutum ba ya samun abinci mai gina jiki.

Na uku, fararen ƙwayoyin jini. Iri-iri ne. Wani iri yana yawaita lokacin kumburi, wani iri kuma shi ke yaƙi da ƙwayoyin ciwon daji. In na farko ya rinjayi na biyu ƙwarai, alamar ba ta da kyau.

Likitoci a birnin Gilasgo na ƙasar Birtaniya sun haɗa na ɗaya da na biyu suka yi ma'auni. In CRP ya wuce miligiram 10 a litar jini, albumin kuma bai kai giram 35 ba, ciwon yakan fi tsanani. Masu ciwon daji da jininsu bai nuna haka ba sun fi daɗewa a raye, sun kuma fi jure magani.

Wani zai ce: in awo zai gaya mini kwanana ya kusa, gara kada in sani. A ra'ayina wannan kuskure ne. Rai a hannun Allah yake, takarda ba ta yanke wa kowa kwana. Manomi yakan duba hadari ya ce za a yi ruwa, wani lokaci kuma iska ta kore shi. Amma wanda ya duba sama shi ke kwashe shanya da wuri. Awo yana taimaka wa likita ya san ko jiki zai iya ɗaukar fiɗa ko magani mai ƙarfi, ko kuwa sai an fara gyara shi da abinci.

Mu kuma lura: wannan awo shi kaɗai ba ya nuna mutum yana da ciwon daji. Zazzaɓin cizon sauro, tarin fuka da gyambo duk suna ɗaga CRP. Saboda haka kada ɗanka ɗan makaranta ya karanta maka takarda ka ce shi ke nan. Likita ne zai fassara ta.

Wasu kuma na cewa ana rage musu jini. Abin da ake ɗiba bai wuce cokali ɗaya ko biyu ba, jiki na mayar da shi ba da jimawa ba.

Babbar matsalarmu ita ce jinkiri. Mace takan ji ƙullutu a mamanta ta ɓoye. Maigida yakan ce a bari sai an sayar da albasa. A je wurin wanzami ya tsaga, a sha sassaƙe, sai ciwo ya ci jiki kana a nemi mota. A da, mai neman maganin haske da ke ƙone ƙarin ciwon daji sai ya fita waje. Tun shekarar 2021 ana yin sa a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga shawarata:

In kin ji ƙullutu a mama, ko kika ga jini ba lokacin al'ada ba, ki je gidan likita cikin makon nan.

In kana ramewa ba dalili, ko gyambo ya ƙi warkewa, kai ma ka je.

In an tura ku asibitin Tawa ko Yamai, kada ku tsaya jiran kaka.

Ku adana takardun awo cikin leda, ku tafi da su kowane zuwa. Likita na gwada na jiya da na yau.

Ku ba marar lafiya wake, ƙwai, nono, nama da zogale. Fura kaɗai ba ta isa ba.

Maigida, buhun albasa in ya tafi, baɗi ana noma wani. Uwar ƴaƴa fa?

Allah ya ba mu lafiya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Amin.