Rumbu cike, kunne da yunwa

A shekarar 2000, lokacin da mawallafin kiɗan nan na Jamus Johann Sebastian Bach ya cika shekara 250 da rasuwa, kamfanonin faifai sun shiga gasar tattara ayyukansa kakaf cikin akwati guda. Teldec ya fitar da faifan CD 153, Hänssler ya fitar da 172 ƙarƙashin jagorancin Helmuth Rilling. A 2018 kamfanonin Deutsche Grammophon da Decca suka haɗu suka ƙure su da faifai 222, wajen sa'a 280 na kiɗa. Daga baya ma akwatin ya zama nauyin banza, domin duk wannan tari yana shiga ɗan katin ajiya na salula da bai fi farce girma ba. Daga nan aka soma jin wata magana mai daɗi a baki: wane ya mallaki Bach gaba ɗaya. Maganar nan tana ɗauke da ruɗu iri biyu, kuma ya kamata masu koyarwa su tone su kafin almajiransu su ɗauka cewa tara abu da saninsa duk ɗaya ne.

Ruɗu na farko yana cikin kalmar "gaba ɗaya". An haifi Bach a 1685, ya rasu a 1750, kuma daga 1723 har ƙarshen ransa yana birnin Leipzig yana shirya wa majami'u kiɗan ibada. Tarihin rayuwarsa da aka buga a 1754, wanda ɗansa Carl Philipp Emanuel yana cikin marubutansa, ya ce ya bar kantata, wato waƙoƙin ibada masu rakiyar kayan kiɗa, na shekara biyar cur. Kimanin 200 kawai suka iso wannan zamani. Tarihin ya kuma ambaci manyan ayyuka biyar a kan wahalar Almasihu. Biyu ne suka tsira cikakku, na Matta da na Yohanna. Na Markus, wanda aka yi a 1731, kalmominsa suna nan, kiɗansa ya ɓata. Bayan rasuwarsa an raba takardunsa tsakanin magada, waɗansu suka adana, waɗansu suka sayar.

Iyakar abin da ya rage ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A 1950 Wolfgang Schmieder ya jera ayyukan da lambobi, jerin da ake kira BWV, amma tun daga lokacin ana ƙarawa ana ragewa. Wani ɗan gajeren kiɗan rawa da yaran duniya suka daɗe suna koyo da sunan Bach, bincike ya nuna na Christian Petzold ne. A 1984 aka gano waɗansu kaɗe-kaɗensa na ƙuruciya a ɗakin karatu na jami'ar Yale a Amurka. A 2005 kuma Michael Maul ya ci karo da wata waƙa tasa da ba a sani ba a birnin Weimar, shekara biyar kacal bayan an sayar wa mutane akwatunan da aka ce sun kammala. Wanda ya sayi "duka" a 2000 ya wayi gari da "saura".

Akwai kuma abin da ya fi wannan zurfi. Bach bai bar sauti ko na daƙiƙa ɗaya ba, domin sai a 1877 aka ƙirƙiro na'urar ɗaukar murya. Takarda ya bari, mai alamomin kiɗa, kuma kowane makaɗi da yadda yake karanta ta. Glenn Gould, makaɗin piyano ɗan Kanada, ya ɗauki aikin da ake kira Goldberg sau biyu: na 1955 bai kai minti 40 ba, na 1981 ya haura minti 50. Mutum ɗaya, takarda ɗaya, fassara biyu masu nisa da juna. Saboda haka abin da ke cikin kati karatun waɗansu makaɗa ne na wani zamani. Wanda ya ji tafsirin malami guda ba ya cewa ya gama da littafin.

Ruɗu na biyu yana cikin kalmar "mallaka". Ta fuskar doka ma da sauran magana, domin da yawa daga abin da ake saye ta intanet izinin saurare ne kawai, wanda mai shi zai iya janyewa. A 2009 kamfanin Amazon ya share wani littafin George Orwell daga na'urorin mutanen da suka riga suka biya kuɗinsa. Hausawa sun daɗe da cewa kayan aro ba ya rufe katara. Amma ko an bar doka gefe, lissafi ya isa. Mai sauraron sa'a ɗaya kowace rana ba fashi zai shafe fiye da wata tara kafin ya ratsa sa'a 280 sau ɗaya tak, alhali kiɗan Bach, mai muryoyi uku ko huɗu suna tafiya tare kowace da hanyarta, ba ya buɗe wa kunne a ji na farko. Mutanen Leipzig kantata guda suke ji a ranar Lahadi, ta wajen minti ashirin, wadda aka ɗinka wa karatun wannan rana da wa'azinta. Sukan tafi da ita gida mako guda. Wanda ya zuba ɗari biyu cikin salula yana tsallake su da yatsa ya fi su dukiya, amma sun fi shi ƙoshi.

Masu kare wannan tari suna da hujja, kuma ba a raina ta. Malamin da ke Tawa ko Damagaram ba shi da zauren kiɗa da zai je, ga shi kati mai araha ya kawo masa abin da sarakunan Turai na da ba su taɓa ji a haɗe ba. Mai bincike kuma yana bukatar kowane aiki kusa da hannunsa. Wannan gaskiya ne, da babu gara ba daɗi. Sai dai amfanin ƙamus yana ga mai buɗe shi, kuma ba a taɓa kiran mai ajiye ƙamus masanin harshe ba.

Shi kansa Bach ya nuna hanyar. A 1705, yana ɗan shekara ashirin, ya taka daga Arnstadt zuwa Lübeck, wajen kilomita 400, don ya saurari tsoho Dietrich Buxtehude. Hutun mako huɗu aka ba shi, ya yi kusan wata huɗu. Nijar ma ta ga irin wannan: marigayi Maman Barka, wanda ya rasu a 2018, ya bi sawu har bakin tafkin Cadi wurin Bukar Tar don ya koyi biram, kayan kiɗan Buduma da ya kusa ɓacewa. Dukansu biyu sun biya da ƙafa da lokaci, abin da suka samo kuma ya zauna a hannunsu da kunnensu.

Darasin ya shafi katunan da ake cikawa a kasuwannin Maraɗi da Yamai da waƙoƙin Shata ko Ɗan Gurmu, sau da yawa ba sunan waƙa, ba shekara, ba sunan wanda aka yi wa. Ayyukan Bach sun tsira ne saboda wata ƙungiya da aka kafa a 1850 ta ɗauki shekara hamsin tana tantance takardunsa ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan aiki ne ke jiran ƙungiyoyin al'adu: a nemi tsofaffin ƴan amshi tun suna raye, a rubuta wa kowace waƙa tarihinta. Malamin makaranta kuwa, Bach zai koyar ko Ɗan Gurmu, ya zaɓi aiki guda, ya saurare shi da almajiransa sau goma, har kowa ya iya faɗin inda murya ta biyu ta shigo da dalilin shigowarta.